Me ya sa ake hana rubuta inv(A)*b a MATLAB?

Ɗalibin_Injiniya:
Assalamu alaikum malamai. A takarda idan Ax = b, x = A⁻¹b muke rubutawa. To me ya sa MATLAB ke ja wa inv(A)*b layi, wai a sa A\b, umarnin warware Ax = b kai tsaye? Kuma wani lokaci ko da A\b ɗin sai gargaɗin RCOND ya fito. Don Allah a fahimtar da ni.

Malamin_Lissafi:
Wa alaikumus salam ƙanena. A\b ba ta juya A kwata-kwata, wato ba ta lissafa A⁻¹ kamar yadda inv ke yi. Siffar matiriks ɗin take fara dubawa. In duk abin da ke ƙasan layin tsakiya sifili ne, sai ta warware daga ƙasa zuwa sama kai tsaye. In ɓangarorin biyu madubin juna ne kuma lambobin layin tsakiya sun haura sifili, ta gwada Cholesky, wata hanya mai sauri ta rarraba irin wannan matiriks. In ba haka ba, ta koma LU, wato rarraba A zuwa matiriks biyu masu sauƙin warwarewa, tana musanya layuka don gudun rabawa da ƙaramar lamba.

Ga matiriks mai layuka n, LU na cin aiki kusan 2n³/3, inv kuwa kusan 2n³, wato ninki uku, kafin ma ka ninka da b. Sannan ka gwada norm(A*x - b), wato girman ragowar kuskure, ta hanyoyin biyu. Idan matiriks ɗin mai rauni ne, wato ƙaramin kuskure na iya sauya amsar sosai, ragowar inv za ta fi girma nesa ba kusa ba. Haka abin yake a Octave, manhaja mai kama da MATLAB.

Mai_Lambobi:
Gargaɗin RCOND kuma, wanda ke nuna matiriks ɗin mai rauni ne ƙwarai, ba laifin umarnin ba ne, matiriks ɗin ne. Lambar double, irin wadda MATLAB ke lissafi da ita, na riƙe kusan gurbi 16, shi ya sa eps, tazarar da ke tsakanin 1 da lambar da ke bi mata, take 2.2204e-16. Idan cond(A), ma'aunin raunin matiriks, ta kai 1e10, ka sa a ranka gurbi 10 na iya salwanta, saura 6 da za ka amince da su. Gwada wannan: A = hilb(12); b = A*ones(12,1); x = A\b. Kamata ya yi ka ga 1 sau 12, amma wasu za su kauce a fili.

Ina roƙonka kada ka auna lafiyar matiriks da det. det(0.1*eye(100)) tana ba da kusan 1e-100, alhali cond ɗinsa 1 ce cif, lafiyarsa ƙalau.

Ɗalibin_Injiniya:
Na gode malam. To idan A ɗaya ce, b ke sauyawa sau ɗari fa?

Malamin_Lissafi:
Jera su ginshiƙi-ginshiƙi a B, ka rubuta A\B sau ɗaya. In ɗaya bayan ɗaya suke zuwa, sa dA = decomposition(A) a wajen zagayen maimaitawa (loop), a ciki kuma dA\b; tun R2017b ake da shi. Idan mafi yawan A sifili ne, ajiye shi da sparse, wanda ke riƙe lambobin da ba sifili ba kawai, kada inv ta taɓa shi, don cika guraben za ta yi: cikakken 10000 sau 10000 na cin megabait 800.

Ka kuma riƙa duba size(A). In layuka sun fi ginshiƙai yawa bisa kuskure, A\b ba za ta yi ƙorafi ba, wata hanyar rarrabawa mai suna QR za ta ɗauka ta miƙo maka amsar da ta fi kusa.