Na gama littafina na farko: in buga shi ko in sake shi a waya?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Shekara biyu na yi ina rubuta labarin nan, a littafin makaranta mai shafi 80 na fara, sai da na cika guda bakwai, yawanci bayan sallar isha'i idan yara sun yi barci. Labarin wata bazawara ce mai sayar da awara a ƙofar gida, da yadda dangin mijinta suka raba ta da ɗanta. Yanzu na juye shi kaf a waya.

Burina tun ina 'yar sakandare shi ne in ga sunana a bangon littafi, in riƙe shi a hannuna. Na je wata maɗaba'a a nan Zariya, kuɗin da suka yanka mini na kwafi 500 ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Ƙanwata ta ce in daina wahalar da kaina, in buɗe guruf a WhatsApp kamar kowa. Zuciyata ta kasa amincewa. Don Allah waɗanda suka riga ni, ta ina zan fara?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka, 'yata. Gama littafi ba ƙaramin aiki ba ne.

Ni a shekarun 1990 na fara, lokacin da kasuwar littafi ke ci a Kano. Mu ma ba kamfani ne ya buga mana ba. Kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya fi karkata ga littattafan makaranta, don haka matasa suka tashi suka buga da kuɗinsu. Haka ƙungiyar marubuta ta Raina Kama ta yi, su Ado Ahmad Gidan Dabino da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Wata dabara tasu da nake so ki lura da ita: a cikin littafin mutum ɗaya za ki ga jerin littattafan sauran 'yan ƙungiya. Kowa na tallata ɗan uwansa.

Amma bari in faɗa miki inda ake kuka. Bugawa ba ita ce wahalar ba, karɓo kuɗi ne. Za ki kai wa ɗan kasuwa littafi bashi, ya ce sai an sayar. Ni akwai wanda na bai wa kwafi 300, na yi wata takwas ina zarya shagonsa, daga ƙarshe ya ciro mini ragowar daga ƙarƙashin benci, ruwa ya taɓa su, bangon duk ya nannaɗe. Har yau ina tuna warin takardar. Shi ya sa muke raba labari kashi na 1, na 2, na 3, kuɗin na farko ya buga na biyu. Yanzu kuwa yawancin shagunan nan sun koma sayar da wani abu. Kada ki ci bashi don ki buga. In kin samu hali nan gaba, ki fara da kaɗan, ki nemi lambar shaidar littafi ta ISBN a Ɗakin Karatu na Ƙasa, kuma idan a Kano za ki sayar ki san akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i.

Ummu Sultan:
Anti, ƙanwarki ba ta yi ƙarya ba. Ni littafi huɗu na saki a waya. Nakan ba da shafi goma sha biyar kyauta a manhajar karatu ta Wattpad da gurufgurufan marubuta, in tsaya daidai inda rai zai biya, mai son ci gaba ta biya ₦500 in sa ta a guruf. Masu karatuna na Maraɗi da Damagaram ta kamfanin tura kuɗi na Nita suke turowa. Matsalar ita ce masu fitar da littafi ba izini: yau kin saki shafi, gobe ki gan shi a wani guruf, jibi ki ji ana karanta shi a YouTube ba da izininki ba. Ranar da ya fara faruwa da ni kuka na yi sosai. Kuma ki ajiye rubutunki a wuri fiye da ɗaya, don da manhajar sayar da littattafai ta OkadaBooks ta rufe a 2023 mutane da yawa sun shiga damuwa.

Malama Hajara:
Duk kun yi maganar sayarwa, ni tambayata ɗaya ce: ban da ƙanwarki, wa ya karanta shi? Ina koyar da Hausa, kuma abin da ke kashe mini jiki a rubutun waya shi ne ƙa'ida. Sai ki ga an haɗe "ya ce", an raba "gidansu", ba ƙugiya a ƙ da ɗ, har "ƙasa" ta koma "kasa". Ki nemi reshen Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya (ANA) mafi kusa da ke, na Kano suna zaman karatu da Hausa. Ki tashi ki karanta babi ɗaya a gaban mutane, a yi miki gyara ido da ido. Akwai zafi, amma nan ne za a san da ke, kuma waɗannan mutanen su ne za su tallata ki gobe. Sannan ki gwada gasar Hikayata ta BBC Hausa, a 2016 aka fara ta domin mata zalla. Gajeren labari ake so, zai koya miki rage surutu.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganar littattafan da ruwa ya taɓa ta tsaya mini a rai, na fasa karɓar kuɗin adashin da na yi niyya. Malama, gaskiyarki ce, ba wanda ya karanta sai ƙanwata, kuma na duba babi na farko yanzu na ga "yace" har sau tara. Idan ba za ki damu ba zan turo miki babi uku na farko ki duba mini. Na ukun nan ne aka zo ɗaukar yaron, shi na fi jin tsoron ban rubuta shi yadda ya kamata ba.