Maganin ne ya taɓa zuciyar yayana, ko cutar ce da kanta?

Ɗan Yauri:
Assalamu alaikum. Watan jiya muka yi rashin yayana mai shekara 51, wanda ya shafe shekara 13 yana shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, kuma gwajinsa na ƙarshe ya nuna ƙwayar ta kwanta har ba a ganinta a jini. Ya tashi alwalar asuba, sai ya saki buta ya dafe ƙirji yana gumi, ya ce ciwon yana sauka masa hannun hagu, kafin mu samu mota rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce. Yanzu dangi sun ɗora laifin a kan magani, matarsa kuwa, wadda take kan irinsa, ta tura robar ƙarƙashin gado ta ce ta daina sha. Don Allah wanda ya san gaskiyar lamarin ya fahimtar da ni.

Likita a Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Malam, kafin komai a roƙi matar ta koma kan maganinta yau, domin an taɓa gwada abin da take shirin yi. A binciken SMART, wanda ya ƙunshi mutum fiye da 5,000, an sa wasu suna dakatar da magani lokaci-lokaci, amma dole aka tsayar da aikin a 2006 saboda mace-mace sun fi yawa a cikinsu, haka ma ciwon zuciya da na ƙoda da na hanta.

Game da zuciyar yayanka kuwa, ko magani ya kwantar da ƙwayar, garkuwar jiki ba ta ajiye makamanta gaba ɗaya, sai a samu wani kumburi na ɓoye, ba zazzaɓi ba ciwo, kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Shekara da shekaru yana ƙuje bangon jijiyoyin jini, kitse yana manne wa wurin, har ranar da ɓawon zai fashe, jini ya daskare ya toshe hanyar da ke ciyar da zuciya ko ƙwaƙwalwa. Shi ya sa haɗarin ciwon zuciya ga masu wannan cuta ya kai kusan ninki biyu na sauran mutane. Ba zan wanke magunguna tas ba: an danganta abacavir da bugun zuciya, dolutegravir kuma yana sa wasu ƙiba, amma gyaran shi ne likita ya duba ya sauya, ba a watsar ba. A 2023 binciken REPRIEVE ya nuna cewa pitavastatin, maganin rage kitsen jini, ya rage manyan matsalolin zuciya da kashi 35 cikin 100 ga masu cutar 'yan shekara 40 zuwa 75, har da waɗanda kitsensu bai hau ba.

Wata uwa daga Gusau:
Allah ya gafarta masa. Likita, ni ciwon hanta nau'in B aka gano min lokacin awon ciki, shin zuciyata ma tana cikin wannan haɗari?

Likita a Birnin Kebbi:
Hajiya, nau'in B ya fi yi wa hantar kanta barazana, wato ƙanƙancewa da ciwon daji, kuma binciken ƙasa na 2018 ya same shi a jikin kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Nijeriya. Nau'in C ne aka fi dangantawa da lalacewar jijiyoyin jini, shi kuwa ana warkar da shi cikin mako 12. Tambayarki ta tuna min wani abu, Malam: a yi wa matar yayanka gwajin B, domin tenofovir da ke cikin maganin da akasari ake bayarwa yana danne shi ma, yanke shi kwatsam na iya tayar da hanta.

Ma'aikaciyar jinya, Talata Mafara:
Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne mutum ya yi shekaru yana karɓar magani, ya san adadin ƙwayar da ke jininsa, amma bai san awon hawan jininsa ba. Na sha ɗaura wa mutum na'ura in ga 170 bisa 100 yana ce min lafiyarsa ƙalau. Duk ranar karɓar magani a nemi awon hawan jini, a riƙa duba suga, a rage gishiri da dunƙulen miya, taba kuwa a rabu da ita.

Ɗan Yauri:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Marigayi yana shan taba tun yana saurayi, kuma ban taɓa jin ya ambaci hawan jini ba. Na karanta wa mahaifiyarmu bayaninku, ita ce ta shiga ɗakin ta ɗauko robar da hannunta. Ranar Litinin zan raka matar asibiti a auna ta, a yi mata gwajin hantar.