Tambaya kan teburin gasar ƙwallon hannu ta Jamus: mene ne ma'anar 59:9?

Ɗan Gefe:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A teburin Bundesliga ta ƙwallon hannu, wurin maki sai a ga lambobi biyu, kamar 59:9 ko 40:6. Ta farkon dai maki ne, to ta biyun fa? Sannan idan ƙungiyoyi biyu suka ƙare kaka da maki ɗaya, wa ake bai wa kofi? Masana a taimaka.

Mai Tsaron Raga:
Wa alaikumus salam. Lamba ta biyu ita ce makin da ƙungiya ta zubar. A wannan gasa nasara maki 2 ce, canjaras maki 1, ba uku da ɗaya irin na ƙwallon ƙafa ba. Wato kowane wasa maki 2 ne a ƙasa. Ka ci, a rubuta maka 2:0. An yi canjaras, 1:1. An doke ka, 0:2.

Ƙungiyoyi 18 ne, kowacce ta kara da sauran gida da waje, wasa 34 ke nan, maki 68. Haɗa 59 da 9, za ka ga 68 cif. Biyun ƙarshe kuma su gangara rukuni na biyu.

Amfanin lambar ya fi fitowa a tsakiyar kaka. Manyan ƙungiyoyi na buga gasar Zakarun Turai ranar Laraba ko Alhamis, sai a yi ta ɗage musu wasannin gida, kwantai su taru. A ce wata na da 40:6, wata 38:4. Haɗa lambobin ka raba biyu: ta farko ta buga 23, ta biyu 21. Ta farkon ce a sama a teburi, amma ta biyun ta fi ta tsayuwa da kyau, domin idan ta ci kwantanta biyu ta koma 42:4. Don haka daga watan Fabrairu zuwa gaba ka riƙa fara duba lambar dama kafin ta hagu. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, su naɗa zakara tun lokaci bai yi ba.

Malam Na Layi Tara:
Bari in amsa ta biyun. A ƙa'idar da aka saba, idan maki ya zo ɗaya, rarar ƙwallaye ake dubawa: abin da ka zura a cire abin da aka zura maka. Kakar 2013/14 ce babban misali, kuma 59:9 ɗin da ka kawo nata ne. THW Kiel da Rhein-Neckar Löwen dukkansu da wannan makin suka gama. Kafin ranar ƙarshe Löwen ce a gaba da rarar ƙwallo 7. Ta je Gummersbach ta ci 40:35, rarar 5. Kiel kuwa ta lallasa Füchse Berlin 37:23, rarar 14. Kofi ya tafi Kiel da tazarar ƙwallo 2, bayan wasa 34 a wasan da ake zura kusan 30 kowane ɓangare.

Wannan ne ya sa koci mai hankali ba ya sakin jiki ko yana gaba da 10. Minti goman ƙarshe ne rara ke zubewa: a saka 'yan benci, tsaro ya saki, a kori ɗan wasa na minti 2, ko a cire gola don a kai hari da mutum 7, ƙwallo ta kuɓuce, abokan hamayya su jefa ta cikin raga babu kowa tun daga nasu rabin filin. Uku ko huɗu irin wannan a watan Oktoba, sai a Yuni a gane tsadarsu.

Alƙalin Tebur:
Malam ya yi bayani, amma a ƙara da cewa lissafin 68 ba kullum yake fita ba. A Janairun 2016 HSV Hamburg, wadda ta ci gasar a 2011 ta kuma ɗauki kofin Zakarun Turai a 2013, ta karye ta fuskar kuɗi, aka ƙwace lasisinta, aka soke sakamakon wasanninta. Kakar ta koma wasa 32, Löwen ta zama zakara da 56:8. A 2020/21 kuma, saboda korona ta hana kowa faɗuwa a kakar baya, ƙungiyoyi 20 suka buga wasa 38. Kiel da Flensburg suka gama da 68:8, kuma a wannan kakar sakamakon karawarsu da juna aka duba, ba rarar ƙwallaye ba. Kiel ta ɗauka.

Kada kuma a rikita wannan 68:8 da 68:0 na Kiel a 2011/12, lokacin da ta ci wasanninta 34 gaba ɗaya, ko canjaras babu.

Ɗan Gefe:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. Ashe shi ya sa a Janairu teburin ke tsayawa cak?

Mai Tsaron Raga:
Wannan daban ne. Hutu ake yi don 'yan wasa su tafi ƙasashensu, gasar duniya a shekara mai mara, ta Turai a mai cika. A Fabrairu ake dawowa, sau da yawa da raunuka.