Wa ke zaɓar kiɗan gasar rawa ta talabijin ne?

Uwar Biyu:
Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, don Allah kada a yi min dariya. Shekara uku ke nan ina bin Strictly Come Dancing na BBC, gasar da ake haɗa fitaccen mutum da ƙwararren ɗan rawa su yi takara. Ni mai ɗinki ce, rigunan ne suka fara jana, amma yanzu kunnena ya soma buɗewa, sai wani abu yake ta ci min tuwo a ƙwarya. A ce tango za a yi, sai ka ji an sako waƙar zamani wadda ko ƙamshin tango babu a jikinta. A ce rumba, sai wata waƙar soyayya mai sanyi, ba ganga ba komai, 'yan rawa suna ta lanƙwasa, ni kuwa na rasa inda ƙafa za ta sauka. Rannan na ci karo da bidiyon gasar ƙwararrun 'yan rawa ta Blackpool a Ingila, na ga ƙafa da kiɗa kamar an ɗinke su da zare ɗaya. To laifin kunnena ne, ko na masu zaɓen waƙa?

Tsohon Makaɗi:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kunnenki ƙalau yake. Abu biyu kika haɗa da ba ɗaya ba ne.

A gasar ƙwararru raye-raye goma ne, biyar na rungume, biyar na Latin, kuma kowacce da saurin da aka ƙayyade mata. Ana auna shi da yawan zagayen kiɗa a minti ɗaya. Wals mai ƙirgen ɗaya-biyu-uku tana yin zagaye 28 zuwa 30, 'yar'uwarta ta Biyana kuwa ninki ce, 58 zuwa 60. Rumba 25 zuwa 27, cha-cha 30 zuwa 32. 'Yan rawa da yawa ne a fili lokaci guda, ba su san waƙar da za a sako ba, dole kiɗan ya fito da bugunsa ƙarara don kowa ya kama. Wannan tsarin tun zamanin Victor Silvester ne, wanda ya kafa ƙungiyar makaɗansa a 1935 don kawai 'yan rawa su samu kiɗan da ba ya gaba ba ya baya.

A talabijin kuwa mutum biyu ne kaɗai a fili, kimanin minti ɗaya da rabi, sun kwana bakwai suna jin waƙar. Masu shirya shirin ke da ta cewa, su kuma mai kallo suke ji, so suke ya gane waƙar tun bai ajiye abin da ke hannunsa ba. Daga nan aiki ya koma kan Dave Arch, shugaban makaɗan shirin, da mutanensa, su datse ta, su ƙara mata sauri ko su rage. Wani lokaci waƙa mai bugu huɗu ake tanƙwarawa ta koma uku don a yi wals. In an dace ba ki gane ɗinkin, in ba a dace ba, ke ma kin san rigar da aka rage wa hannu.

Rumbar da ta rikita ki kuwa da dalili. A bugu na biyu ake ɗaukar taku, na ɗaya ƙugu ne ke cinye shi. Idan waƙar ba ta da abin bugawa, har ƙwararren ma a zuci yake ƙirgawa.

Baƙuwa:
Baba, ni dai ban ga laifinsu ba. Da kiɗan gasa zalla suke sakawa da tuni shirin ya bi sawun Come Dancing, tsohon shirin rawa na BBC da aka rufe a 1998. Wannan kuwa tun 2004 ake yi, Amurka ma ta ɗauka a 2005. Kun manta tangon Bill Bailey da Oti Mabuse a 2020 da waƙar Metallica, makaɗan rock ɗin nan? Su suka ci kofin shekarar.

Tsohon Makaɗi:
'Yata, ai ban ce zamani ne matsalar ba. Waccan waƙar tana da sara, bugunta a yanke yake, tango kuwa abin da take so ke nan. Wadda nake ƙi ita ce wadda aka zaɓa don sunanta ya dace da jigon mako, makon fina-finai ko na Halowin, sai a ɗora mata samba alhali ba ta da wannan ɗan tsalle-tsallen na samba. Sannan alƙalai su rage wa mutum maki wai ya saɓa kiɗa. Wane kiɗan?

Af, na manta. Faso dobile, ɗaya daga cikin na Latin, ita ce ta fita zakka a gasar ƙwararru. Kusan kullum kiɗa ɗaya mai suna España Cañí ake sakawa, 'yan rawa sun haddace wuraren da kiɗan ke tashi ya tsaya cak, a nan suke dira su ƙame. Shi ya sa za ki ga fili gaba ɗaya ya tsaya tare kamar an ɗauke wuta.

Uwar Biyu:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Jiya na koma kan wata rumba ina buga tebur da almakashi, biyu, uku, huɗu, ɗaya. Sai da na maimaita sau biyar kafin na kama, ashe ƙwararriyar tana kan kiɗa, abokin rawarta ne yake riga ta sauka. Saura samba, ita har yanzu jin ta nake kamar keken ɗinkin da zarensa ya harɗe. Yaya ake ƙirga ta?