Koyon Girkanci zai amfani malamin kimiyya, ko wahalar banza ce?

Malamin Bayoloji, Funtuwa:

Assalamu alaikum jama'a. Ni malamin bayoloji ne a wata sakandaren gwamnati, wani lokaci kuma nakan riƙe ajin kemistiri idan babu malami. Abin da ya kawo ni, na gaji da ce wa yara "ku dai haddace". Sai ka rubuta musu wani dogon suna a allo, su bi ka da ido, su kwafe, ranar jarabawa rabinsu su rubuto shi a karkace. A zangon da ya wuce wata yarinya 'yar aji biyar ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wai waɗannan sunayen wa ya raɗa su? Su Turawan haka suke magana a gidajensu?" Na ce mata yawancinsu daga Girkanci da Latin aka ɗebo su. Ta ce to me ya hana a koya mana Girkancin kowa ya huta? 'Yan aji suka kwashe da dariya, ni dai maganar ta tsaya mini a rai.

Shi ne nake tunanin in yi amfani da dogon hutun nan in fara koyon harshen. Na sauke wata manhaja a waya, har na iya haruffan nan 24, da ma wasunsu mun saba da su a lissafi: alfa, beta, gamma, delta, omega. Abokin aikina mai koyar da lissafi ya ce harshen matattu ne, gara in koyi Faransanci ko in ƙaro ilimin kwamfuta. Maiɗakina kuwa cewa ta yi muddin ba zai taɓa kuɗin cefane ba, in je in koyo har yaren aljanu.

Don Allah masana, me Girkanci ya yi wa ilimi da har ba a raba shi da kowane fanni? Kuma magidanci irina, da arba'in ta ba wa baya, zai samo abin da zai shiga aji da shi?

Likitan Ƙauye:

Wa alaikumus salam Malam. Wannan ɗaliba taka a riƙe ta da kyau.

Shekara da shekaru ina cika katin majiyyaci da Girkanci, amma ko gaisuwa ban iya da shi ba. Abin da muke aiki da shi guntaye ne: kardia zuciya, hepar hanta, nephros ƙoda, haima jini, derma fata. Sai 'yan ɗafe-ɗafe na gaba da na baya: itis kumburi, hyper ya yi yawa, hypo ya yi ƙasa. Yaron da ya san hepar ya san itis, ba sai ka gaya masa inda hepatitis take kamawa ba. Za ka kuma lura sunayen gaɓoɓi sun fi karkata ga Latin, na cututtuka ga Girkanci. Ba abin mamaki ba ne, tunda ko a birnin Rum manyan likitoci Girkawa ne. Jalinus, wanda aka haifa a Pergamon a shekara ta 129, likitan Sarki Marcus Aurelius ne, amma duk tarin littattafansa da Girkanci ya rubuta su, kuma su aka yi ta karantawa sama da shekara dubu.

Sai dai ka sani, da yawa cikin sunayen nan babu wani Bagirken dā da ya taɓa furta su. Turawa ne suka ƙera su daga baya. A 1816 likita Laennec a Faris ya naɗe takarda ya kara a ƙirjin wata majiyyaciya ya ji bugun zuciyarta, daga nan stethoscope ɗin da nake ratayawa a wuya ya samo asali, kuma shi ya haɗa masa suna da Girkanci. Ita kanta kalmar bayoloji a wajajen 1802 ta fara yawo. Wani lokaci ma sunan kuskure yake ɗauke da shi. Lavoisier ya sa wa oksijin suna mai nufin mai haifar da asid, don yana zaton kowane asid na ɗauke da shi, sai Davy ya zo a 1810 ya nuna ba haka ba ne. Suna kuwa ya riga ya bi shi.

Shawarata, ka ɗauki littattafan bayoloji na aji huɗu zuwa shida, ka tsamo saiwoyin da ke maimaita kansu, duk mako ka rubuta biyar a kusurwar allo kada a goge. Wannan ba ya buƙatar nahawu.

Almajirin Zaure, Kano:

Allah ya gafarta Malam, Allah ya ƙara wa Likita lafiya. Likita ya tsaya a kan sunaye, ni kuwa a ganina sunaye su ne mafi ƙanƙantar abin da Yunanawa, wato Girkawa, suka bari.

Duk wanda ya yi nisa a karatun zaure ya san Sullam, waƙen nan na manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja. Mai shi Shehu Abdurrahman Ahalari ne, mutumin Aljeriya da ya rayu a ƙarni na 16, wannan dai da muke fara tsarki da salla da ɗan littafinsa. Ranar da muka kai babin kulliyyatul hamsu, wato gidaje biyar na rarrabe abubuwa, malaminmu, Allah ya jiƙansa, ya rufe littafi ya cire tabarau, ya nuna akuyar da ke ɗaure a turke a bakin ƙofa. Ya ce dabba jinsi ne, akuya nau'i ne, to ku faɗa mini fasalin da ya raba ta da tunkiya. Wani ya ce gemu, Malam ya ce akuyar nan ba ta da shi. Wani ya ce ƙaho, ya ce rago fa? Haka muka yi ta lalube har aka kira la'asar.

Wannan babi ba a Aljeriya aka ƙago shi ba. Tushensa Aristo, wanda ya mutu a 322 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. A ƙarni na 3 wani Furfuriyus ya rubuta wa manɗiƙin Aristo gabatarwa mai suna Isagoge, Larabawa suka ce Isaguji, Abhari ya yi taƙaitaccen littafi da wannan suna a ƙarni na 13, Ahalari ya zo ya waƙe fannin. To Malam, genus da species ɗin da kake rubuta wa yara, jinsi da nau'in nan ne. Ta Latin suka bi har suka isa hannun Linnaeus, wanda ya tsayar da tsarin ba wa tsirrai suna biyu a 1753. Ni da kai darasi ɗaya muka gada, kai a kan benci, ni a kan buzu.

Mutumin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne Hunaini bn Is'haƙ, Kirista ne mutumin Hira, ya mutu a 873. A Bagadaza, zamanin Abbasiyawa, shi da ɗansa da almajiransa suka juya littattafan Yunanawa zuwa Suryananci da Larabci. Ya rubuta wata wasiƙa inda ya jera littattafan Jalinus 129, yana faɗin wanda ya fassara kowanne da ingancin fassarar. Ba ya fara aiki sai ya tara kwafe-kwafen asali gwargwadon iko ya gwada su da juna. Akwai littafi guda da ya bi sawunsa ƙasar Iraƙi, Sham, Falasɗinu, Masar har Iskandariyya, a ƙarshe a Dimashƙa ya samu kusan rabinsa. Yau akwai littattafan da Girkancinsu ya ɓace, Larabcin kaɗai ya rage, kamar juzu'i na 5 zuwa na 7 na littafin Apollonius a lissafin siffofi.

Kuma ba kowa ya yi lale marhabin da ilimin ba. Ibnus Salah da Nawawi sun haramta manɗiƙi, Ahalari da kansa ya kawo wannan saɓani a waƙensa. Suyuɗi ma ya hana, Shehu Magili ya mayar masa da martani da baitoci yana kare fannin, Magilin nan da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Gazali ya ragargaji masu falsafa, amma ya riƙe manɗiƙinsu har ya buɗe littafinsa na usulul fiƙhi da shi.

Amma a faɗi gaskiya, Ibn Sina da Ibn Rushd ba su karanta Girkanci ba. Da fassara suka yi duk abin da suka yi.

Sarkin Gardama:

To ai magana ta ƙare. Ibn Sina bai iya ba kuma ya zama Ibn Sina, kai Malam ina ruwanka? Goge manhajar ka tafi gona, damina ba ta jira. Su ma Girkawan da ake ta kambamawa, digiri 360 da minti 60 ai daga Babila suka kwaso, haruffansu kuma na Finikiyawa ne suka yi wa kwaskwarima.

Almajirin Zaure, Kano:

Ranka ya daɗe Sarki, maganar Babila gaskiya ce. Amma rashin harshen ya ja musu asara. Littafin Aristo a kan waƙa, maganarsa a kan wasan kwaikwayo ne, na ban tausayi da na ban dariya. Mai fassara Abu Bishr Matta ya mai da su yabo da zambo, Ibn Rushd ya ɗora sharhinsa a kan haka, yana ta kafa hujja da baitocin Mutanabbi da Imru'ul Ƙaisi, ba shi da hanyar da zai duba ya gani.

Maman Rahila, Jos:

Salama gare ku duka. Malam, ni na zauna ajin Girkanci a makarantar tauhidi, bari in gaya maka abin da ke gabanka.

Fara duba manhajar nan taka. Yawancin na waya Girkancin yau suke koyarwa, wanda ake ciniki da shi a kasuwar Atina. Ka gaya wa abokinka harshen bai mutu ba, miliyoyin mutane na magana da shi a Girka da Kubrus, sai dai ba zai kai ka ga Aristo ba. Na dā ɗin ma kashi-kashi ne. Akwai na mawaƙi Homer, akwai na Atina zamanin Aflatun, sai Koine wanda ya bazu bayan yaƙe-yaƙen Iskandari. Da shi aka rubuta Sabon Alkawari, kuma shi ne mai dama-dama, kalmomin littafin gaba ɗaya ba su kai 6,000 ba.

Haruffan nan da ka iya, alewa ce da ake ba wa yaro kafin allura. Daga su sai 'yar kalmar fayyace suna, wadda Turanci ya gama da ita da harafi uku, wato the. A nan gurbi 24 gare ta, ta namiji daban, ta mace daban, ta wanda ba namiji ba mace ba daban, tilo da jam'i, kowacce kuma tana sauyawa da aikin da suna yake yi a jimla. Sannan aikatau, kowane ɗaya da tushe 6 da sai an haddace. Kwali muke yankawa ƙanana, Girkanci a gaba, ma'ana a baya, a ɗaure da roba. Tukunya na kan wuta ina juya su da hannun hagu, har yau wasu na nan da tabon manja. Wanda ya yi nahawun Larabci zai fi mu samun sauƙi, tunda ya saba da ƙarshen kalma yana motsi.

Mu abin da ya sa muke shan wannan wahala shi ne mu iya bin bayan mai fassara mu duba aikinsa. Erasmus ya buga Sabon Alkawari na Girkanci a Basel a 1516, daga bugunsa Luther ya yi fassararsa ta Jamusanci a 1522. Gwada kwafi da kwafi da Malam Almajiri ya ce Hunaini yana yi, masanan laburaren Iskandariyya ne suka fara shi da waƙoƙin Homer, suna jan ɗan layi a gefen baitin da suke shakkarsa. Ko rabon kalmomi gida 8 da malamin Turancinku yake koyarwa, asalinsa ɗan littafin nahawu ne da ake jingina wa Dionysius Thrax.

A Ingila da can sai ka ci jarabawar Girkanci kafin ka yi karatu a manyan jami'o'insu, ko da kimiyya ka zo yi. Cambridge ta soke sharaɗin a 1919, Oxford a 1920. A nan gida Jami'ar Ibadan tana da sashen Girkanci da Latin ga mai son ya yi shi gadan-gadan. Ni dai ra'ayina, in babu wani littafi da kake ƙishirwar karanta shi a asalinsa, bi ta Likita. Harshen ba ya zama a ka in ba kullum ake karanta shi ba. Da yawa cikin waɗanda muka yi aji tare, haruffa kawai suka rage musu.

Malamin Bayoloji, Funtuwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na fara jera saiwoyin daga babin narkewar abinci. Malam Almajiri, zan ari akuyar malaminku in buɗe darasin rarrabe halittu da ita. Sarki, gonar ma ana zuwa. Likita, saura tambaya ɗaya: shi Aristo a bayoloji akwai abin da ya faɗa da har yanzu yake tsaye, ko tarihi ne kawai?

Likitan Ƙauye:

Akwai, kuma da fassara za ka same shi. Ya zauna a tsibirin Lesbos yana feɗe kifaye da sauran halittun ruwa, ya yi bayanin dabbobi kusan 500. Ya gane cewa dolfin iska yake shaƙa, haihuwa yake yi ba ƙwai ba, kuma yana shayarwa. Ya kuma yi manyan kurakurai, ya ce aikin ƙwaƙwalwa sanyaya jini ne, ya ce maza sun fi mata yawan haƙora, abin da buɗe baki kawai zai warware. Faɗa wa yara duka biyun.

Wanda za ka iya yi a aji shi ne na ƙwai. Ya riƙa fasa ƙwan da kaza ke kwanci a kai yana duba abin da ke ciki, ya rubuta cewa bayan kwana 3 ana ganin wani ɗan ɗigon jini yana harbawa, zuciya ke nan. Ka samo kaza mai kwanci, ka rubuta kwanan wata a jikin kowane ƙwai da fensir. Ba sai ka fasa duka ba. Ka shiga da yara ɗaki mai duhu, ka kara ƙwan a bakin tocila, daga kwana 5 zuwa 7 za su ga jijiyoyin jini sun bazu. Kada ƙwan ya daɗe a waje ya huce, a mayar wa kazar da wuri, a kwana 21 sai su zo su ƙirga 'yan tsaki.