Bayan shekara uku a dirama an ba ni dogari: in karɓa ko in tattara kayana?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don Allah a sakar min wannan ba tare da sunana ba.

Ni tela ne a Tudun Wada, nan Gusau, shekarata 34. Shekara uku ke nan ina cikin wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwa, muna haɗuwa Alhamis da Asabar bayan la'asar a filin wata firamare. Ba a biyan kowa, sha'awa ce kawai. Yanzu an gayyace mu mu yi wasa a kan gubar dalma, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010. Labarin wani magidanci ne da ke kwaso duwatsun zinari yana kawowa gida, ana daka ana niƙa a tsakar gida, har ƙurar ta kama 'ya'yansa. Tun ranar da aka karanta mana labarin na ƙwallafa rai a kan magidancin nan. Ina taka keke ina haddace maganganunsa, har yaran shago suka laƙaba min "Mai Zinari".

Ran Asabar aka raba matsayi. Magidancin aka ba wani yaro da ya shigo bara. Ni kuwa aka ce dogarin uban ƙasa. Na duba takarda, magana biyu ce tak: "Hattara" da "An gaishe ka". Sauran fitowar, wajen minti ashirin, ina tsaye ƙiƙam bayan kujera.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne, ni nake ɗinka kayan wasan gaba ɗaya kyauta, wani lokaci har zare da shafi daga aljihuna. Sai zuciya ta fara raya min cewa don kekena ake riƙe da ni. Mai ɗakina ta ce, "To tunda kai za ka ɗinka rigar dogarin, ai ba ta yi maka kaɗan ba." Wasa take yi, amma maganar ta kwana da ni. In karɓa, ko in haƙura da dirama in fuskanci shagona?

Abban Khalifa, Ƙaura Namoda:
Malam, gaskiya ɗaya ce, cikon benci aka mai da kai. Shekara uku, sannan a ɗauko ɗan jiya a ɗora maka? Inda ba a san darajar goro ba, ba a kai shi. Ɗauke kekenka ka ga ko wasan zai yiwu.

Tsohon Hedimasta, Jega:
Ɗana, magana biyu ka cakuɗa, shi ya sa ta yi maka nauyi. Ta ɗinki daban, ta matsayi daban. A kan ɗinki kana da gaskiya: ka ce musu aikin hannunka gudummawa ce, amma yadi da zare a fitar daga asusun ƙungiya. Ka faɗa a gaban kowa, cikin raha, kafin a sayo yadi. Ta matsayi kuwa, ka samu daraktan naku shi kaɗai ka tambaye shi abin da ya hango. Ba da faɗa ba. Na shekara da shekaru ina shirya wasan yara na ranar ba da kyaututtuka, kuma sau da yawa wanda ya fi kowa haddace takarda ba shi ne ya dace da babban matsayi ba. Wataƙila ka ji abin da ba ka so, amma ya fi zargi.

Jikan Dogarai, Argungu:
Ɗan'uwa, mi kake hwaɗi haka? Wa ya gaya maka dogari tsayuwa kawai shika yi? Kakana dogari na, a gabanshi munka tashi, bari in ba ka kaɗan.

Sarauta ba ta yawan magana, dogari shi ne bakinta. In talaka ya faɗi ya yi gaisuwa, basarake ba ya ɗaga murya, iyaka ya ɗan jinjina hannu, dogari ke cewa "An gaishe ka". Kuma wagga kalma ba murya guda gare ta ba. Yadda za ka faɗa wa attajirin da ya zo da fara'a daban, yadda za ka faɗa wa wanda ya binne ɗanshi da safe daban. Wasanku na mutuwar yara ne, ke nan "An gaishe ka" ɗinka ita ce ta'aziyyar fada. In ka jefa ta kamar mai kiran fasinja a tasha, ka kashe fitowar baki ɗaya.

Sannan ido. Idon dogari ba ya kan basarake, yana kan jama'a: wa ya shigo da takalmi, wa ya matso fiye da kima, wa ke shirin ɗaga murya. Sannan riga. Ka san dalilin da ya sa jar rigar nan mai ratsin kore take da faɗi haka? In basarake zai zauna, ko zai tashi, ko zai gyara rawani, ko zai sauka bisa doki, dogarai na buɗe rigunansu su yi mashi labule don kada a ga abin da bai kamata a gani ba. Kai da kake tela, ka yanka ta da yalwa, hannun ya kai har ƙasa in ka miƙa shi. Ka tahi ƙofar fada ran Juma'a ka tsaya nesa ka kalle su sa'a guda, in ka dawo ka sake gaya muna ko tsayuwa ce.

Na Mafara:
Ni dai a tashe ma ban taɓa wuce mai riƙon fitila da kwanon sadaka ba, kuma ni ke raba kuɗin a ƙarshe. Ka yi tunani.

Maman Nana, Anka:
Yayana, ka yi haƙuri da abin da zan ce. Na karanta saƙonka sau biyu, na ga ka ambaci yara 400 a layi guda, sauran duk a kan kanka ne. Mu a wajenmu wannan ba labari ba ne. Mun ga yara suna suma suna jijjiga, ana ta cewa iska ce ko zazzaɓin cizon sauro, kafin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF su gano dalma ce. A Dareta da Abare da 'Yargalma sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega kuwa sai 2013 aikin ya kai gare ta. Dalili, ko an ba yaro magani, in ya koma yana rarrafe a ƙasa mai guba yana kai hannu baki, aikin banza aka yi. Kuma har yau ana haƙar zinari. In wasanku ya sa mutum guda ya daina kawo dutse gida, ko ya wanke jiki ya canza kaya kafin ya ɗauki ɗansa, wallahi ba ruwan uwar yaron da wa ya fito a magidanci wa ya fito a dogari.

Abban Khalifa:
Maman Nana, Allah ya jiƙan yaran. Amma haƙƙin ɗinkinsa fa yana nan.

Tsohon Hedimasta:
Yana nan, shi ya sa na ce a raba. Kuma ɗana, a ƙasar Zamfara ai bai kamata a raina tsayuwa a baya ba. Ɗankwairo kansa ya daɗe yana amshi a bayan yayansa Kurna kafin ya ja tasa ƙungiyar.

Mai tambaya (bayan mako biyar):
'Yan uwa, na dawo da bayani. Maman Nana, maganarki ta yi zafi, kwana biyu ban buɗe zauren nan ba, amma na gode.

Na samu darakta kamar yadda Baba Hedimasta ya ce. Bai ɓoye min ba: wai in na riƙe doguwar magana gudu nake yi kamar ana kora ta, kuma ina kallon ƙasa. Yaron kuwa ɗan ƙauyen wajen Maru ne, ya san yadda ake riƙe guduma da yadda mahaƙa ke magana. Ban ji daɗi ba, sai dai ban iya musawa ba. Kuɗin yadi kuma an fitar daga asusu ba gardama, ashe ban taɓa tambaya ba ne.

Juma'a biyu na je ƙofar fadar Gusau na tsaya. Na dawo na farke rigar da na fara, na ƙara mata yadi biyu.

Jiya muka yi wasan. A fitowar fada, magidancin ya durƙusa yana ba da labarin yadda ya binne 'ya'yansa biyu a mako guda. Yaron nan ya iya, in faɗi gaskiya. Sai na lura dattijon da ke fitowa a uban ƙasa ya yi shiru fiye da yadda muka saba a gwaji, kafaɗarsa na rawa. Kuka yake yi na gaske, maganarsa ta ɓace masa. Ban san lokacin da na taka gaba na buɗe hannun riga na kare shi ba. Ina jin sa a bayana yana share fuska da bakin rawani. Na dubi yaron a ƙasa na ce "An gaishe ka", a hankali, yadda Jikan Dogarai ya ce. Filin nan har masu sayar da rake suka yi tsit. Da na sauke hannu, dattijo ya ci gaba daga inda ya tsaya, mutane suka ɗauka haka aka tsara.

Da aka tashi, wani tsoho mai sanda ya ratso jama'a ya kama hannuna ya ce, "Yaro, gidanku na sarauta ne?" Na ce a'a Baba, tela ne ni. Ya ce to Allah shi yi albarka. Mai ɗakina tana cikin mata tana ji, har yanzu ba ta ce komai ba, amma da safe na tarar ta goge rigar ta rataye.

An ce za mu maimaita a Talata Mafara bayan sallah. Jikan Dogarai, taimaka min da abu guda: yaya ake naɗa jan rawanin nan ya zauna? Nawa sau biyu yana zamowa kan idona, da haƙori na riƙe bakinsa har aka gama.