Waɗanda suka taɓa kai agaji Diffa, yaya wuni yake a can?

Ɗan Garin Malam

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Kwamitin masallacinmu ya tara hatsi buhu 60 da sukari da dabino, an ce ni da samari uku za mu raka kayan daga nan Damagaram zuwa Diffa kafin azumi. Ni kuwa ban taɓa wuce Gure ba. Inna tun da ta ji ta daina cin tuwon kirki. Labarin rediyo na ji ya ishe ni, na wanda ya taka da ƙafarsa nake so. Daga asuba zuwa kwanciya, me mutum yake yi a can?

Tsohon Direba

Wa alaikumus salam ƙanena. Hanya dai ɗaya ce: Mirya, Gidimuni, Gure, Gudumariya, Maine Sorowa, sai Diffa, kilomita 460 da ɗoriya. Ku sallaci asuba ku ɗaga, kada magariba ta same ku a daji. Katin ɗan ƙasa ya zauna a aljihun gaba, takardar kayan a hannun mutum ɗaya. In kun zo shingen soji a kashe rediyo, kowa ya ajiye waya, wanda aka tambaya shi kaɗai zai amsa. Yaro ɗaya mai surutu ya taɓa sa aka sauke mana buhu 80 ƙasa, muka sake lodi da tsakar rana.

Zuwana na farko bayan harin da Boko Haram ta kai Diffa ranar 6 ga Fabrairu 2015, an sa dokar ta-ɓaci, an hana hawa moto. Ɗan Damagaram da ya saba da ƙarar kabu-kabu tun daga Zango har Kasuwar Dole, ya shiga gari ya ji tsit, wallahi shirun ya fi ba ni tsoro a kan bindigogin.

Mai Rajista

Ƙanena, kana tsammanin harbi za ka je ji. Mai yiwuwa har ka dawo ba ka ji ko ɗaya ba. Abin da zai hana ka barci takarda ce.

Na je ne a Yunin 2016, bayan an afka wa garin Boso ranar 3 ga wata, mutane dubbai suka zubo bakin gudron da ke tafiya Ngigmi, wajen Kinjandi da Garin Wanzam. Rumfunan kara da tsofaffin zannuwa iyakar ganinka. Wuninmu kuwa kullum iri ɗaya. Asuba, shayi da busasshen burodi, sai wajen bulama a gaisa, domin in ka tsallake shi rabonka ba zai ƙare lafiya ba. Daga nan rumfa-rumfa kana rubuta suna da yawan bakin da ke gidan, kana yanka tike. Washegari a ɗaura igiya, a jera mutane, a yi ta awo har azahar. La'asar kun tattara, saboda dokar hana fita ba ta san ɗan agaji ba.

To, yi lissafin naku. Buhu ɗaya tiya 40 ne. Buhu 60 ya ba ka tiya 2,400. In kowane gida ya samu tiya 10, gida 240 ke nan. Inda za a kai ku kuwa gidajen sun ninka haka. Kai ne za ka riƙe biro ka ce wannan ya shiga, wannan bai shiga ba, ga shi duk su biyun jiya ba su ɗora tukunya ba. Wani bulaman zai rubuta ƙanensa sau biyu da suna daban. Ban ce ka zage shi ba, shi ma danginsa sun sa shi gaba, amma ka ƙirga rumfa da idonka. Kuma kada ka manta da ƴan garin da suka sauke baƙin. Su suka fara buɗe rumbunansu tun kafin wata ƙungiya ta iso, yanzu kuma suna tsaye bayan igiya suna kallo, wai su ba ƴan gudun hijira ba ne.

Akwai wani dattijo da har yau yake zo mini a rai. Muna awo yana zaune can nesa ƙarƙashin aduwa, rigarsa wankakkiya, hula a karye daidai. Da muka gama na je na gaishe shi, na ce Baba ban ga sunanka ba. Ya ce daga ina? Na ce Damagaram. Sai ya fara lissafa mini dillalan tattasai na garinmu, yana tambayar wane yana da rai? Ashe manomin tattasai ne a bakin kogin Komadugu, motoci ke zuwa har gonarsa su yi lodi. Ya ce zakkar da yake fitarwa a shekara ta fi abin da muka raba wa layi guda. An hana cinikin tattasai da na kifi don kada kuɗin ya kai ga mutanen daji, wato Boko Haram, gonar kuma ba ta shiguwa. Ya ce ɗana, hannun da ya saba miƙawa ta sama bai iya juyawa ba. Tike ya ƙare. Na koma na karkaɗe gindin buhuna na haɗa abin da bai cika tiya 4 ba, na ba jikarsa bayan mutane sun watse. Ban san ko ya ci ba.

Hajiya ta Birni

Malam Mai Rajista ya faɗi gaskiya, amma ya faɗi ta maza. Ɗana, ka roƙi kwamitinku su sa mace ko ɗaya a tafiyar. Tiken da aka ba uwargida ya fi kai wa tukunya. Kuma ku rage dabino ku sayi sabulu, da zannuwa, da audugar mata. Ba wadda za ta buɗe baki ta ce wa saurayi kamarka tana bukatarsu.

Mu ƴan Damagaram muna taƙamar mun san wahalar ruwa, mun girma muna jiran ƴan garuwa. Sai da na ga layin bido, wato jarkokin ruwa, tun duhun asuba, an ɗaure su da igiya ɗaya don kada wani ya yi tsallake, ana jiran tankar da ba a san ko za ta zo ba, na yi shiru. A 2017 da ciwon shawara ya ɓarke a yankin, masu ciki ya fi ɗauka. Ni da hannuna na yi wa biyu wankan gawa.

Ka koyi gaisuwar Barebari ko da wushe ce kaɗai, tsofaffi da yawa ba sa jin Hausa sosai. Sannan kada ka tambayi mace ina mijinta. Na yi wannan wautar sau ɗaya, ina cike takarda. Ta dube ni, ta ɗauki goyonta ta tafi, ko tiken ba ta karɓa ba. Ka ce mutum nawa kuke ci a tukunya, ya isa.

Ɗan Zango

Ni dai ku yi hoto da yawa. Alhazan da suka ba da hatsin nan in ba su gani ba, baɗi ba za su sake bayarwa ba. An sha cin amanarsu.

Mai Rajista

Ɗauki buhuna, ɗauki mota, ɗauki rajistar da mutane suka dangwala. Fuskar mace tana riƙe da kwano kuwa, a'a. Baya ga kunya, hoton yana yawo har ya kai inda ba ka so, wani ya gane ƙauyen da aka sauke kaya. Alhajin da bai yarda ba a ba shi kujera a gaban mota.

Ɗan Zango

Kai dai ba ka taɓa zama gaban masu kuɗi kana roƙo ba. Amma na ji, ban da fuska.

Ƴar Sabon Gari

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ta wajen majami'armu nake zuwa. Kun san abin da ya faru a nan Damagaram ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, aka ƙone mana wuraren ibada. Mako uku bayan nan sai ga mutanen Diffa suna sauka a tasha da ƙullin kaya a ka. Gaskiya da farko zuciyata ba ta so ba. Na fita dai.

A can gabas ba wanda ya taɓa tambayata addinina, sai dai ko ina da maganin zawo. Rumfarmu ɗaya da samarin wani masallaci, in sun tashi salla ni ke tsaron buhunansu, in na zauna auna hannun yara don gano tamowa su ke tsare mini layi. Abin da zan ce maka ƙanena, kada ka haɗa wa'azi da awo. Mai yunwa zai ce amin ga duk abin da ka faɗa, kai ma ka san ba da kai yake ba. Kuma in ka ga yaro ƙafafunsa sun kumbura, gashi ya yi ja, hatsinka ba zai yi masa komai ba. Tamowa ce, a kai shi likita a ranar.

Tsohon Direba

Ba wanda ya faɗi ta dawowa. Bayan tafiyata ta uku taya ta fashe kusa da ni a Kasuwar Dole, sai ganina na yi kwance ƙarƙashin teburin mai nama, yara suna dariya. Wata guda kuma in an zubar da sauran tuwo a gidana sai na yi ta faɗa, har maiɗakina ta ce ko dai an yi mini wani abu ne a can.

Ɗan Garin Malam

Allah ya saka da alheri. Na kai wa liman maganar sabulu da ta mace, ya ce za a duba. Saura Inna, har yanzu ba ta ce na tafi ba.

Hajiya ta Birni

In ba ta sa albarka ba kada ka taka, wani ya je. Amma bari in zo gidan gobe bayan la'asar mu yi magana irin tamu. Rezo yana yankewa a hanya, sai ka gaya mata tun yanzu, kada ta kira ta ji shiru ta ɗora hannu a ka.

Mai Rajista

Ka sayi biro 5 da igiya doguwa. Tiya kuma ka tafi da taka daga nan, guda ɗaya, ita za a auna wa kowa da ita. In ka ari ta can za a kawo maka biyu, kuma ba girmansu ɗaya ba.